Kalsiyam a hoton nono: amsa ga ƙanwata da ta tambaya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce Mama ta yi hoton nono, takarda ta fito da maganar kalsiyam, sinadarin nan da ke ƙarfafa ƙashi, a jijiyoyin jini, kina fargabar ko sankara ce. Kwantar da hankalinki, ba ita ba ce. Amma don Allah kada ku yi sakacin da na yi.

Ni a watan Oktoba na yi nawa, lokacin gangamin gwajin nono. Wanda ya miƙo mini takardar cewa ya yi, "Hajiya, babu komai." Na ninke ta na cusa ƙarƙashin zannuwa. Sai da jiri ya kwashe ni a kasuwar Nima, ina tsaye gaban mai tumatir, aka auna jinina aka ga ya hau, sannan wata likita ta ce in kawo tsofaffin takarduna. Ta ɗaga hoton a haske, ta nuna mini fararen layuka biyu a jere kamar layin dogo. Ta ce kalsiyam ne ya taru a bangon jijiyar, ya yi tauri. Kalsiyam ɗin da ake zargi da sankara daban yake, ɗigo-ɗigo ne cunkushe wuri guda kamar barbaɗin gishiri.

To me ya haɗa nono da zuciya? Jijiyoyin jiki dangin juna ne, in ta nan ta taurare, sai a bincika sauran. A 2022 an fitar da wani bincike na Kalifoniya a Amurka, kan mata sama da 5,000 masu shekara 60 zuwa 79. Kusan ɗaya cikin huɗu na da kalsiyam a jijiyoyin nono, kuma haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gare su ya ƙaru da wajen kashi 50 cikin 100. An fi ganin sa ga masu shekaru, masu ciwon suga ko na ƙoda, da matan da suka haihu suka shayar. Ni da na haifi bakwai, ai sai na yi shiru.

Ki kai Mama da takardar wurin likita, a auna jini, suga, kitsen jini da ƙoda. Babu maganin da ke wanke kalsiyam ɗin, kada masu talla a cikin motar haya ta trotro su cinye muku kuɗi. Ni dai ƙwayar hawan jini nake sha kullum, ina ɗan tattaki bayan asuba, na rage magi, koobi kuwa, busasshen kifin nan mai gishiri, sai ya kwana a ruwa kafin ya shiga miyata. Momoni, kifin gishirin nan mai wari, shi ne har yau muke kokawa da shi.