Zan iya haɗa farantin sola da batir ba tare da kwantirola ba?

Tambaya: Ina da shagon cajin waya a Funtuwa, na sayi farantin sola da batura biyu masu bolt 12, sai wani ya ce in haɗa su kai tsaye. Hakan zai yi?

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi haka. Da tsakar rana farantin yana iya fitar da bolt 18 ko fiye, alhali batirin ruwa ba ya buƙatar abin da ya wuce kimanin bolt 14.4, don haka ruwansa zai yi ta tafasa har ya ƙafe, batirin ya lalace tun bai mayar maka da kuɗinka ba. Kwantirola na'ura ce da ake sawa tsakanin farantin da batir, aikinta shi ne ta rage wuta idan batir ya kusa cika. Kwantirola mai suna PWM ta fi araha, amma MPPT ta fi tatso wuta daga farantin.

Wajen haɗawa, ka fara jona batura da kwantirola kafin farantin, domin ta gane ƙarfinsu. Kuma idan ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, ka riƙa goge shi da sassafe.