Tambaya da Amsa: Ko koyon Haskell ɓata lokaci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na iya Python daidai gwargwado, da dare nake ɗan taɓa rubuta manhaja don nishaɗi. Ina sha'awar koyon Haskell, wanda shi ma yaren rubuta manhaja ne kamar Python, amma abokaina sun ce babu mai ɗaukar aiki da shi a nan. In ci gaba ko in haƙura? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka ba su yi ƙarya ba, da wuya ka ga ana cigiyar mai Haskell a Kano ko Kaduna. Amma kai da bakinka ka ce don nishaɗi kake yi. Ka ci gaba, sai dai ba da Haskell nake so ka fara ba.

Abin da ya raba Haskell da yarukan da ke kama da shi da Python shi ne, idan ka ba wa suna ƙima, ta zauna kenan, ba ka sake canza ta. Kuma kowane fankshin, wato ɗan guntun manhaja da ke karɓar ƙima ya fitar da sakamako, kamar injin niƙa yake: masara ka zuba, garin masara zai fito, yau da gobe, ba ya taɓa komai a gefe. A Python, in za ka haɗa zubin adashi, sai ka ajiye jimla a sifili, ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya kana ƙara mata. A Haskell layi ɗaya ne: sum (map zubi mambobi), wato a ɗauko zubin kowane mamba a haɗa su. Babu jimlar da ke canzawa a ɓoye, don haka kuskure ba zai laɓe maka a wannan wurin ba. In kana rubuta fomula a Excel a ofis, to ka riga ka saba da wannan tunanin.

Ka fara da Elm. Evan Czaplicki ne ya fitar da shi a 2012, ɗan ƙaramin yare ne na gina shafin intanet, kuma rubutunsa ya yi kama da na Haskell ƙwarai. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne yadda yake nuna kuskure: zai nuna maka layin, ya faɗi abin da ya zata da abin da ya gani, sau da yawa har ya ba ka shawarar gyara. Ga mai koyo shi kaɗai da dare, babu wanda zai tambaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai shafin Ellie da za ka gwada shi a burauza ba tare da ka sauke komai ba, alhali GHC, wanda ake sarrafa Haskell da shi, yana cin data sosai, ga cin wurin ajiya a kwamfuta.

Ka gina abin da kake buƙata da gaske. Adashin ofishinku ya isa: wa ya zuba, wa ake bi, wa ke kwasa a wannan watan.

Daga nan ka shiga Haskell. Tsohon yare ne, tun 1990, an raɗa masa sunan masanin lissafi Haskell Curry, kuma da shi John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar California da ke Berkeley a Amurka, ya rubuta Pandoc mai juya takardu daga wani tsari zuwa wani. Inda zai ba ka wuya shi ne monad, wato hanyar da Haskell ke bi wajen jera matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, kamar karanta fayil sannan a buga sakamako. Kada ka tsaya karanta dogayen bayanai a kansa. Ka rubuta manhajar da ke karanta fayil ɗin adashin ta buga sunayen waɗanda ake bi bashi, ka yi amfani da Maybe (hanyar da Haskell ke cewa ƙila akwai ƙima, ƙila babu, kuma shi ma monad ne) a wurin wanda bai zuba ba, fahimtar monad za ta zo daga baya.