Tayoyin gwanjo masu hoton dusar ƙanƙara: in zuba jarina a ciki?

Wani mai shagon taya a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Ina da naira miliyan 3 da nake son ƙara wa jarina. Wani dila ya yi mini tayin tayoyin gwanjo 150 na Turai, kowace a kan 20,000. Zanensu da sauran zurfi, robarsu da laushi, kuma a gefen yawancinsu akwai hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a ciki. Ya ce mini wannan tambarin inganci ne. In saya?"

Malam, kada ka saya. Allah ya sa ba ka ba da kafin alkalami ba.

Abin da ka gani kamar tauraro hoton dusar ƙanƙara ne, kuma tambarin yana nufin taya ce ta lokacin sanyi. Gaskiya ne an gwada ta ta ci jarrabawa, amma a kan dusar ƙanƙara aka gwada ta. Robar tayar da aka yi don lokacin zafi tana fara sandarewa idan sanyi ya kai wajen digiri 7, ta daina kama titi yadda ya kamata. Shi ya sa kamfanonin taya suke haɗa wata roba daban wadda ba ta taurara a cikin sanyi. Laushin da ya burge ka ke nan. In ka koma wurin dilan, tsuguna ka danna farcen babban yatsanka a kan zanen, za ka ji yana nutsewa. Ka ƙara dubawa da kyau, za ka ga kowane tudu na zanen an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa kamar an yi da reza. Aikinsu su ciji ƙanƙara.

To ka ɗora wannan robar a kan kwaltar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu, iska tana digiri 40, kwaltar kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Robar da aka yi don ta yi laushi a sanyi sai ta wuce gona da iri. Zanen yana motsi ƙarƙashin nauyin mota, sitiyari ya yi sako-sako a kwana, in direba ya taka burki motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, titi kuma yana cin robar da sauri. Kada a ce maka ai muna da hunturu. Sanyin asubar Janairu a Kano da wuya ya sauko digiri 7, kuma kafin hantsi rana ta gasa titi.

Ka san abin da ya sa irin waɗannan tayoyi suke zuwa da sauran zane? A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda a yi amfani da taya har zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, amma tayar sanyi takan rasa ƙarfinta a kan dusar ƙanƙara tun tana wajen milimita 4. A Ostiriya ma in ta gaza milimita 4 doka ba ta lissafa ta a matsayin tayar sanyi. Don haka mai mota yake cire ta tana da kyan gani. Ga kuma Jamus: tun daga Oktoban 2024, tayar da take ɗauke da rubutun M+S (wato ta laka da dusar ƙanƙara) kaɗai, babu hoton dutsen nan, ta daina shiga lissafin tayar sanyi a dokarsu. In ka ga masu M+S zalla a cikin kayan, ka duba shekarunsu da kyau, mai yiwuwa tsofaffi ne da aka sallama.

Yanzu mu zo ga kuɗi, don a nan maganar take. Abin da direba yake saya a wurinka zane ne, milimita bayan milimita. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da kusan milimita 8. Ka cire 1.6, saura 6.4 da zai ci. Ta gwanjon mai milimita 4, saura 2.4 kacal. A ce ka sayar da ta gwanjo 28,000, sabuwa matsakaiciya kuma a ce 60,000. Kowane milimita na gwanjon ya tashi kusan naira 11,700, na sabuwar kusan 9,400. Tun kafin zafi ya sa hannu, mai arahar ta fi tsada. Ka sa farashin da ke kasuwarku yau ka sake lissafin da kanka. Direban haya da yake Kano zuwa Abuja kusan kullum zai gane wannan a aljihunsa cikin 'yan makonni, kuma a tasha ba a ɓoye labari. Ka ci ribar 8,000 sau ɗaya, ka rasa shi da abokansa biyar. Ba na ma son in kawo maganar taya ta fashe da fasinja a cikin mota, amma dole ka sa ta a ranka, domin hakkin rai ya fi ƙarfin kowace riba.

Akwai kuma doka. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su. Na san kasuwa cike take da su, amma ranar da kwastam ko hukumar kula da ingancin kaya ta SON suka zo kame, kayanka za a kwashe, dilan kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa. Sannan don a rage kuɗin kwantena, akan cusa taya uku ko huɗu cikin juna. Wayoyin ƙarfen da ke ciki sukan lanƙwashe, kuma ido ba ya ganin wannan sai taya ta kumbura a kan hanya.

Da ni ne da miliyan 3 ɗin nan, sababbi zan saya daga dilan da ke ba da rasit, ko da hamsin kawai za su ba ni. Ka buɗe littafin cinikinka na wata shida, ka fitar da lambobin girman taya uku ko huɗu da aka fi tambaya, ka tsaya a kansu. Taya hamsin da ke fita cikin wata biyu ta fi ɗari da hamsin da za su yi ta dawo maka da ƙorafi. Ka kuma ware wani abu, ko 300,000 ne, don kada kaya su ƙare ka rasa na sarowa.

Sai ka koyi karanta gefen taya, domin shi zai bambanta ka da maƙwabcinka. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT ranar haihuwarta ce: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba tana tsufa ko a ajiye take. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara in ta yi shekara biyar tana aiki, a sauya ta in ta kai goma ko da zanenta bai ƙare ba. In ka ga wurin lambar kamar an kankare an sake bugawa, ka bar ta. A yawancin tayoyin da aka yi wa gwajin Amurka za ka ga kalmomi uku: Treadwear, wato juriyar cinyewa, inda 400 ta fi 200 daɗewa, amma kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya, Traction, wato kamun jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa C, abin da direba ke buƙata a damina, da Temperature, juriyar zafi, daga A zuwa C. A ƙasarmu ta ukun nan nake fara dubawa, kuma A nake nema ga motar da ke doguwar tafiya. Ka sani kuma taya mai kama titi sosai takan fi saurin cinyewa, don haka ka tambayi mai saye aikin da motarsa take yi kafin ka nuna masa kaya. Lambar ƙarshe irin 91H ita ce ta nauyi da gudu: 91 na nufin kowace taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakarta kilomita 210 a awa. Ga masu lodi har saman mota, lambar nauyin ce abin dubawa.

Ka sayi ma'aunin zane da ma'aunin iska ka ajiye a kan teburinka, kuɗinsu kaɗan ne. Duk direban da ya ce sabuwa ta yi tsada, ka auna masa zanen biyun a gabansa, ka yi masa lissafin nan a bayan rasit. Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu ba, ya sayi biyu yau a sa su a baya, in ya samu ya dawo ya ɗauki sauran.