Tawadar Allah a kafaɗa: a cire ko a bari?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki cire tawadar Allah da ke kafaɗarki. In tun ƙuruciya take nan, ba ta sauya ba, ki bar ta. Yanka a kafaɗa yakan bar tabo mai tauri da kumburi, musamman a baƙar fata, har ya fi tawadar muni.

Amma in ta fara faɗi, ta wuce milimita 6, launinta ya sauya, tana ƙaiƙayi ko jini, maza ki je babban asibitin Maradi. In likita ya cire, a gwada naman don a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Don Allah kada ki kai wa wanzami, kada ki ɗaure ta da zare.