Amsa: Yaya hoton eksire ke gano zanen da ke ɓoye?

Malam, ka tambaya daga Gaya ko na'urar hoton ƙashi ta asibiti ce ake haska tsofaffin zane-zane da ita. Haske ɗaya ne, sai dai ana rage ƙarfinsa sosai, don ƙyallen zane bai kai ƙirji kauri ba. Ana ɗora fim a jikin zanen, a harba hasken ta ɗaya gefen.

Sirrin yana ga dalma. Masu zanen Turai na dā da farin fenti mai dalma suke aiki, ita kuwa tana tare hasken kamar ƙashi. Duk inda aka shafa ta sai ya fito fari, ko da an rufe shi da wani fenti. A 2022, a birnin Edinburgh na Scotland, haka aka gano hoton fuskar Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, a bayan wani zanensa, ƙarƙashin kwali da gam.

Matsalar ita ce komai na tattaruwa a hoto guda, har ƙusoshi da katakon baya. Gawayi kuma ba ya fitowa, don haka tawadar allo ta gawayi da ƙaro ko alamarta ba za ka gani ba. Gano zanen gawayi aikin hasken infared ne, wani hasken daban da ido ba ya gani.