Batir biyu sun gagara tada mota: me zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jan a-kori-kura GMC mai dizal, mai batir biyu, ina ɗaukar kayan gini tsakanin Jidda da Bahra. Kwanan nan in na murza makulli da safe sai in ji "tak-tak" kawai, sai an jona mini da wata mota take tashi. Kan batiri ɗaya ya cika da wani gari fari mai kore-kore. Na je Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, wani ya ce dinamo ne, wani ya ce in canja batir ɗaya ya wadatar. Kuɗina ba zai kai duka ba. Wanne zan saya? Daga wani direba a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam direba, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Duk wanda ya yanke maka hukunci bai ɗora mita a kan motar ba, hasashe ya yi da aljihunka.

Garin nan da kake gani tururin asid ne ya ci dalma da tagullar kan batirin. Zafin Jidda da damshin gishirin Bahar Maliya kuwa suna hanzarta shi ƙwarai. In ya shiga tsakanin sandar batir da maɗaurinta, yakan bar ƙaramar wuta ta wuce, fitila ta kama, rediyo ya yi magana, amma ɗaruruwan amfiya da kik ke ja don juya injin dizal ba su samun hanya. Cajin dinamo ma ba ya shiga yadda ya kamata. Shi ya sa lafiyayyen dinamo kan sha zargi a banza.

Fara da wanki. Kashe mota, ka kwance kan nagatif na batiran duka biyu kafin ka taɓa fozitif. Wannan wurin ina so ka kula sosai: a motarka batiran a haɗe suke fozitif da fozitif, don haka ko ka cire ɗaya, ɗayan na nan yana ba wayar wuta, sifana ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi. Cire agogo da zobe, kada kuma a sha taba a wurin, don batir na fitar da iska mai kama wuta. Dama bikarbonat na baƙala, wato kantin unguwa, da ruwan ɗumi, ka zuba a kan garin har kumfa ta daina tashi, ka goge da buroshin ƙarfe har dalmar ta yi haske ciki da waje. Kada ruwan ya shiga cikin batirin. Bayan ka ɗaure tam, sai ka shafa giris a sama.

Kafin ka mayar, ɗan yaye robar wayar daga bakin maɗauri ka leƙa. In ka tarar zaren tagullar ya yi kore, yana marmashewa, ko wayar ta kumbura ta yi tauri, cutar ta bi ciki, wanki ba zai warkar da ita ba. Ka fi matsa wa doguwar wayar da ta haɗa batiran biyu ido, da wadda ke ɗaure a jikin inji. Su ne aka fi mantawa, su ne kuma suka fi arha cikin duk abin da aka lissafa maka.

Tun suna a rabe ka sa mai gyaran wuta ya auna kowane batir shi kaɗai. In suna haɗe, mai lafiya yana rufa wa matacce asiri, mita ta nuna lamba ɗaya. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen volt 12.6, 12.2 kusan rabi ke nan. A yi masa caji, a gwada shi da na'urar lodi: in ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gama aiki. Sannan a haɗa komai a tada inji. Tsakanin 13.8 da 14.5 a kan kowane batir, dinamonka lafiya lau. In ya tsaya a 12 da 'yan kai ko an kunna fitilu, a duba bel da fulogin dinamo kafin a kai ga saye. In ya haura 15, yana dafa batiran ne, kuma garin zai dawo komai wankinka.

In gwaji ya nuna ɗaya ya mutu, ra'ayina ka sayi biyu, iri ɗaya, girma ɗaya. Tsohon zai riƙa zuƙe sabon dare da rana har ya ja shi ƙasa. In kuɗi ya gaza, gara biyu masu matsakaicin farashi a kan ɗaya mai tsada. Duba kwanan ƙira a jikinsu, ka guji wanda ya daɗe a kanta, ka karɓi rasit da katin garanti. Na tashlih kuwa, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, ban ba ka shawara ba, tunda da motar nan kake ciyar da gida.

Tambaya: Ina da tsohuwar Land Cruiser shas (a-kori-kura) mai volt 24. Zan iya jan wutar ƙaramin firji daga batir ɗaya? Daga Shara Mansur, Makka.

Amsa: Alhaji, kada ka yi. Naka batiran a jere aka haɗa su, fozitif na ɗaya da nagatif na ɗayan, caji ɗaya ke ratsa su duka. In ka ja daga ɗaya, shi kullum ba ya cika, ɗan'uwansa kuma yana shan caji fiye da kima, ka rasa su biyun. Sayi na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, wadda amfiyarta ta ɗara abin da firjin ke ja, a sa mata fis kusa da batir. Duba takardar firjin ma, da yawa daga cikin na mota suna karɓar 12 da 24 kai tsaye.