Ta yaya da'irar lantarki take tuna abu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram, daga unguwar Birni. Na gane ƙofofin AND, OR da NOT, amma da muka shiga darasin filif-fulof, wanda malaminmu ke kira baskil, sai kaina ya ɗaure. Ta yaya waya da taransisto za su tuna abin da ya wuce?

Amsa: Ƙanena, ba kai kaɗai ba, kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Ƙofofin da ka sani ba su da jiya. Abin da ke mashigarsu yanzu shi ke yanke abin da zai fito yanzu, shi ke nan. Dubi babur ɗin ɗan kabu-kabu: ham yana kuka ne muddin yatsa na kansa, amma fitila in an kunna ta, tana nan a kunne ko an ɗauke hannu. Da'ira mai bin jeri irin fitilar ce, abin da take fitarwa ya dogara da mashiga da kuma halin da take ciki tun farko.

Sirrin duka ɗaya ne: a mayar da mafita ta koma mashiga. Ɗauki ƙofofin NOR biyu (NOR ita ce OR da aka bi ta da NOT), ka haɗa mafitar ta farko da mashigar ta biyu, ta biyun ma ka mayar wa ta farko. Ƙafafun mashiga biyu za su rage maka, S ta kunnawa da R ta kashewa, mafitar da za ka riƙa dubawa kuma ita ce Q. Ka ba S lamba 1, Q ya zama 1. Yanzu sake shi ya koma 0. Q ba zai faɗi ba, domin kowace ƙofa tana riƙe da 'yar'uwarta a inda take. Sai ka taɓa R sannan Q ya koma 0, nan ma ya zauna. Bit ɗaya ke nan ka adana, wato 0 ko 1, kuma wannan haɗin da ake kira SR shi ne tushen filif-fulof. Kada dai ka ba S da R 1 a lokaci guda: mafita biyun duk za su zama 0, in kuma ka sake su tare, ba mai iya ce maka ɓangaren da za ta faɗa. Dabarar ta girmi taransisto ma, William Eccles da Frank Jordan ne suka yi rajistarta a Ingila a 1918, da fitilun rediyo na gilashi.

To, ina amfanin agogo, wato bugun lantarki mai maimaituwa da ake ba filif-fulof? Cikin na'ura akwai dubban irin waɗannan, kuma saƙo ba ya isa ko'ina a lokaci ɗaya. In kowa zai canza sa'ad da ya ga dama, lissafi ya rikice. Shi ya sa ake ba su bugu guda da kowa ke jira. Filif-fulof nau'in D shi ne mafi sauƙi, kuma ni da shi nake so ɗalibi ya fara: daidai lokacin da bugun ya tashi daga 0 zuwa 1, yana kwafe abin da ke mashigarsa D ya ajiye a Q, sannan ya toshe kunnensa har bugu na gaba. Nau'in JK kuwa ya gyara matsalar SR ne, in mashigansa J da K duk 1 ne sai ya juya halinsa a kowane bugu.

Wannan juyin shi ne tushen ƙirga. Ka haɗa kishiyar Q, wato ɗaya mafitar, da D, za ka ga mafita tana kammala zagaye ɗaya a duk bugu biyu, wato ta raba gudun biyu. Ƙaramin dutsen kwaz da ke cikin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Jera filif-fulof 15, kowane yana rabawa biyu, na ƙarshe zai ba ka bugu ɗaya cif a daƙiƙa. Amma ka sani, tunanin nan da wuta yake rayuwa, in ta ɗauke ya tafi.

Shawarata, ka nemi cif ɗin CD4013 wajen masu gyaran rediyo, filif-fulof D biyu ne a cikinsa, kuma batir mai bolt 9 ya ishe shi. Sa fitilar LED da rezisto a Q. Duk ƙafar mashigar da ba ka amfani da ita ka ɗaure ta da ƙasa, wato ɓangaren (-) na batir, in ba haka ba za ta riƙa yi maka shirme. In ka ga danna maɓalli sau ɗaya yana juya fitilar sau da yawa, kada ka zargi cif ɗin: ƙarfen maɓallin ne ke 'yar rawa kafin ya zauna. Ka ɗauki bugunka daga NE555, cif mai samar da bugu, maimakon maɓalli.